Shaidar da Na Hana Mahaifina

Shekarun baya, lokacin da Jihar Kebbi take jaririya, ina cikin ma'aikatan da aka kwaso daga Sakkwato aka zube a Birnin Kebbi. Ofishinmu ko isassun kujeru babu, amma ni kam ina jin kaina: biro uku a aljihu, ga tabarau da likita bai rubuta mini ba. Ana ta rabon muƙamai a sabuwar jiha, ni ma na sa rai, don haka ko tari zan yi sai na duba wa yake kallona.

Mahaifina manomin shinkafa da albasa ne a wani ƙauye kusa da Gulma, a ƙasar Argungu. Ba shi da sarauta, ba shi da dukiya, abu ɗaya ya mallaka: idan ya ce ya ga jinjirin wata, to an gani. Tun kafin a haife ni, duk ranar ashirin da tara ga watan Musulunci yakan hau wani tudu a bakin fadama, shi da amininsa, domin shaidar mutum biyu ake so. In sun gani su faɗa wa mai gari da liman, a kai labari Argungu, daga can ya wuce Sakkwato. Bai taɓa ba da shaidar da ta dawo masa ba.

A shekarar da nake ba ku labari, na je gida ana jiran watan azumi. Amininsa yana kwance da zazzaɓi, sai ya ce in raka shi. Na bi shi ina taka kunyoyin albasa da takalmin ofis.

Rana ta faɗi, yamma ta yi ja, muka ƙura ido. Wata bai fito ba. Abin da ya fito daban ne. Wani abu ne mai zagaye kamar faifai, yana ƙyalli, ya zo ya tsaya cak a saman gonakin shinkafa. Ba ƙara, ba hayaƙi, ba fukafuki. Ya daɗe kamar a karanta Fatiha sau uku, sannan ya yi sama a miƙe, cikin ƙiftawar ido babu shi. Mahaifina yana ta salati. Ni kuwa ina tsaye dab da shi. Na ga abin sarai, kamar yadda nake ganin hannuna yanzu.

Bayan Magariba muka isa zauren mai gari, ya cika maƙil. A cikin mutanen har da wani jami'i da aka turo daga Argungu don ya koma da labarin wata, kuma na san abokin shugaban ofishinmu ne.

Mai gari ya tambayi mahaifina. Mahaifin nawa ya ce, "Wata kam ba mu gani ba, ranka shi daɗe. Amma akwai abin da munka gani, ni da yaron ga." Ya kwashe komai ya faɗa, bai ƙara ba, bai rage ba.

Zaure ya kaure. Wani ya ce aljannun fadama ne, wani ya ce alamar tashin duniya ce, samari a bakin ƙofa suna ƙunshe dariya. Jami'in nan ya kalle ni yana murmushi. Sai liman ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya juyo gare ni.

"To kai da kay yi boko, kana wurin. Mi kag gani?"

A take na hango labarin ya riga ni isa ofis: ga wanda yake ganin faifai a sama, shi za a ba muƙami? Na gyara tabarau na ce, "Allah shi gafarta malam, ni dai ban ga komi ba. Wataƙila idon Baba na, kun san shekaru."

Mahaifina bai kalle ni ba. Ya ɗauki takalmansa ya fita, a gida ma bai tayar da zancen ba. Da safe har albasa ya ɗaura mini a buhu.

Ni a zatona magana ta wuce. Ashe abin da na karya ba ƙarami ba ne. Ƙarshen azumin nan ya hau tudunsa da amininsa, shi ya ga watan Sallah, aminin bai gani ba. Da can, maganarsa kaɗai ta isa a tashi mutane su duba inda ya nuna. Wannan karon aka ce masa, cikin ladabi, ya je ya huta, za a jira wasu. Daga baya rediyo ta sanar an ga wata a garuruwa da dama. Mahaifiyata ta ce yana zaune ya ji sanarwar da kunnensa. Daga wannan shekarar bai sake hawa tudun ba, yara kuma suka sa masa suna mai faifai.

Muƙamin dai na samu. Sai na shiga neman abin da zai wanke ni. Na tambayi wani abokina malamin kimiyya, ya ce tauraruwar Zahra ce. Zahra da mahaifina ya sani tun ban san hagu da dama ba? Wani ya ce balan-balan ɗin masu auna yanayi ne, wani ya ce jirgin soja. Ina so ƙwarai ɗaya daga ciki ya zama gaskiya, don in ce ai ban yi ƙarya sosai ba. Babu wanda ya yi kama da abin da ya tsaya a kan shinkafar nan. Sau da yawa nakan hau mota da niyyar in je zauren in gyara maganata, in ƙare da gaisuwa da rabon goro.

Sai da ciwon ajali ya kwantar da shi a gidana na unguwar Badariya a Birnin Kebbi na iya buɗe baki. Wata rana da hantsi ina ba shi kunu, na ce, "Baba, abin nan na fadama, wallahi na gan shi."

Ya ce, "Na sani. Kwana ukku shatin farcenka na nan ga hannuna."

Ni ban ma san na riƙe shi ba a ranar. Na fashe da kuka, na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe tun a zaure. Sannan ya ce, "Amma ba ni za ka hwaɗa ma ba. Ni ai na gani."

Bayan kwana tara ya rasu. A zaman makoki na miƙe a gaban jama'a na faɗi gaskiya, har da rantsuwa. Mai garin da liman na wancan lokaci duk sun riga shi tafiya. Waɗanda suka rage suka yi ta gyaɗa kai cikin tausayi. Ina zama na ji wani dattijo a bayana yana cewa a hankali, "Allah sarki, shina son shi wanke tsohonai."

Har yau ban san abin da muka gani ba, kuma na daina nema. Ko aljani ne ko ƙarfen Turawa, bai cuci kowa ba, ya tsaya ya wuce abinsa. Ni ne na yi ɓarnar. Abin yana ci mini rai, kuma ban ga ranar da zai daina ba. Mun kasance shaidu biyu a kan tudun nan, daidai yadda ake so. Da yake da rai na bar shi shi kaɗai, yanzu ni ma ni kaɗai ne, ina ta rantsuwa, ba wanda zai ce ya gani tare da ni.