Khala Shatu, Wadda "Da Sauƙi" Ba Ta Isarta

Matan Hausawan unguwar Bani Malik ba su rasa asibiti ba. Akwai ƙaramin asibitin unguwa, akwai likita, akwai tambayoyin da ake yi wa mace don a hango lupus, cutar da garkuwar jiki ke juyowa ta kama gaɓoɓi da ƙoda. Abin da suka rasa shi ne mai tambayar da za su iya amsawa. Macen da ta tashi da dauriya, ko yatsunta sun ƙage, "da sauƙi" za ta ce. A tambaye ta ko kumatunta suna yin ja, ta ce a'a, kuma gaskiya ta faɗa, don baƙar fata duhu take ƙarawa.

Khala Shatu, wato Inna Shatu da Larabci, tafintar asibitin, ita ta toshe wannan giɓi. Kullum da safe takan ɗora shayi, ta ja kujera kusa da maras lafiya, ta fara hira. Ita da Dakta Hatim suka zauna suka juya tambayoyin zuwa aikin gida, inda mace ba ta jin kunyar faɗin gaskiya.

Na san labarin Zakiyya, Bahaushiyar Sudan mai ɗinki a unguwar Waziriyya, saboda 'yarta Rim ɗalibata ce. Yarinyar ta fara makara, ashe ita ke wanki kafin ta fito. 'Yan uwa kuwa sun yanke cewa lalaci ne ya kama uwar.

"Ina ke miki ciwo, 'yata?" in ji Khala, ranar da Zakiyya ta je asibitin.

"Babu, Khala. Alhamdulillah."

"Mun gode masa tare. Wa ke matse miki wanki?"

Zakiyya ta ce, "Rim."

"In kin taje kai, me ke saura a mataji?"

"Kusan rabin kan."

"Yaushe rabonki da yaji?"

"Bakina ba ya ɗauka yanzu."

"'Yar Sudan ta bar yaji, kuma ki ce min lafiya? Halas, ya isa. Yalla, maza tashi a ɗebi jini."

Gwaji ya nuna lupus ce, ta soma taɓa ƙoda, amma an riske ta da wuri. Yau Zakiyya tana kan kekenta tana shan magani, Rim kuma tana riga kowa zuwa aji.

Ba duk wadda Khala ta tura ake samu da cutar ba, ba ta kuma ɓoye hakan. Takan ce tambaya nuni kawai take yi, hukunci na jini ne da likita. In sakamako ya fito lafiya, ita ce ta farko a murna.

Khala, ke ce mai kunnen unguwa. Ke ce kika saurari abin da 'yan uwanki suka haɗiye. Yanzu da za ki huta, mun gode, Allah ya saka miki. Masu aikin jinya da za su gaje ki, ku ja kujera kusa, kada ku tsaya a amsar farko.

Ranar walimar sallamarta na tambayi Rim abin da ta fahimta. Ta ce, "Malama, Mamana ba malalaciya ba ce. Ciwo take yi, kuma Khala ce ta san yadda za ta tambaye ta."