Auren da Ya Jira Jirage

A bayan ɗakin girkin gidanmu na Nassarawa GRA, ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro, na karance littattafan soyayyar da suka yi mini wata tarbiyya wadda Umma ba ta san da ita ba. A cikinsu na koyi cewa ango da ƙafarsa yake zuwa, yana ƙamshi, abokai na biye da shi. Don haka da Allah ya haɗa ni da ɗan maƙwabtanmu, laftanan ɗin soja dogo mai wushirya, tuni na gama tsara bikin a raina: shi cikin kakin ado, abokansa sun jeru sun ɗaga takubba, mu kuma mu ratsa ta ƙarƙashi. Har na tsara a tashi kafin magariba, domin tun da aka ƙaddamar da shari'a Abba ya daina yarda da taron da zai wuce haka.

Ana sa mana rana aka tura su arewa maso gabas, inda ake yaƙi. Ranar ta zo ta wuce. Aka sa wata, ita ma ta wuce.

Yakan kira ni idan ya hau wani tudu da waya ke kamawa.

"'Yar GRA, ana nan ana shan fanka?"

"Ranka ya daɗe, ana nan ana tsufa dai. Yaushe za a sako ku?"

"Sai jirage sun iso."

Ya ce hanyar garin da suke cike take da nakiyoyi, ba a iya canjin sojoji sai ta sama. An yi cinikin sababbin jirage masu saukar ungulu, amma ƙasar da ke ƙera su tana da doka: ba ta sayar wa ƙasar da ke cikin yaƙi makamai sai ta gamsu ba za a juya su kan farar hula ba. Ba ta gamsu da mu ba. Har kayan gyaran tsofaffin jiragen ta riƙe.

Ni da ban taɓa sauraron labaran duniya ba, sai ga ni da rediyo kullum bayan sallar asuba. Lokacin zaɓe ya gabato, katangun unguwarmu sun cika da hotunan 'yan takara, kowa na alkawarin kawo ƙarshen yaƙin. Ni kalma ɗaya nake jira: an amince.

Wata safiya aka sake cewa an ƙi. Na fito tsakar gida ina faɗa ni kaɗai. Baba mai ban-ruwa, dattijon da ya zo daga Jigawa yake kula da shukokinmu tun ina goye, ya ajiye tiyo ya dube ni.

"Hajiya ƙarama, ni kam da na ji, hamdala na yi."

"Baba, hamdala? Mutane na can ana kashe su!"

"Ɗana ma mutum ne. Kamun kifi ya je yi a tafkin Chadi. Jirgi ya zo ta sama, bai tambayi waye a cikin kwalekwalen ba. Ko gawa ban gani ba."

Ban san yana da ɗa a can ba. Maimakon in yi masa ta'aziyya, sai na yi sati ban gaishe shi ba. Ina faɗar wannan ne don kada a ɗauka ni mai kirki ce a labarin nan.

Bayan haka ne Laftanan ya kira da wata magana.

"Na yi magana da kawuna. A ɗaura kawai ranar Juma'a, ya karɓa mini. Ba sai ina nan ba."

Abba ya amince nan take, ya ce haka aka ɗaura nasa yana can yana karatu a Zariya. Ni ce na tubure.

"Wato in zama amaryar waya? Ƙawayena su zo su gaisa da hoto?"

"Hoton ma ya fi ni kyau yanzu. Kin ga yadda na yi baƙi kuwa?"

"Ni dai da takubbana nake so."

Ina jin iska na kaɗawa a wayar. Sai ya yi dariya.

"To Gimbiya, a jira jirage."

Da hantsi labarin ya zo, wata Talata. Abokin aikinsa ne ya gaya mana daga baya: harsashi ya same shi a cinya, raunin da ake warkewa. Jirgin da zai ɗauko shi yana ajiye, wani ƙaramin ƙarfe ya lalace a jikinsa, irin waɗanda aka riƙe. Suka ɗauko shi a mota, suna tafe suna tsayawa ana duba hanya. Jini ya ƙare kafin hanya ta ƙare.

A gidan makoki na zauna can gefe kusa da takalma. Na ji wata tsohuwa na tambaya, "Wannan mai kukan fa, 'yar wa ce?" Aka ce mata, "Wadda zai aura ce." Baba mai ban-ruwa ya tare ni a ƙofar gida da na dawo, ya durƙusa duk tsufansa, ya ce Allah ya ji ƙan Laftanan. Na kasa ɗaga ido in dube shi.

Na sha tsine wa mutanen da suka ƙi sa hannu a wata takarda a ƙasar da ban taɓa gani ba. Amma ba su ne suka hana a ɗaura ranar Juma'ar nan ba.

Rana ta uku na sami Abba a falonsa, na ce ina so in yi takaba, wata huɗu da kwana goma. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga.

"Uwata, takaba ta matar aure ce. Ke kwana uku shari'a ta ba ki. Yau suke cika."

Washegari Umma ta shigo ɗakina da kwalli da turare. Ta zauna a bakin gado, ta kama haɓata, ta ce in kalli sama. Sau uku tana sa mini hawaye na wanke shi. A na huɗu ta ajiye, ta jawo kaina ta ɗora a cinyarta.