Ranar da Na Ɗaure Yayana a Bango

Ko na tsufa haƙorana sun zube, wallahi ranar nan ba za ta fita daga kaina ba!

Lokacin ina koya wa kaina Turanci a waya, na iso darasin laifi da hukunci: sata, fashi, beli, ɗauri, ɗaukaka ƙara. Kalmomin nan suka ƙi zama a kaina. Sai na samo dabara, in ɗauki alli in rubuta jimla a bangon tsakar gida, in saka 'yan gidanmu a ciki. Ai nan take suka zauna! Ba wanda ya kula, don yayana kaɗai ke karanta Turanci, shi kuwa kullum yana Suame wajen gyaran mota.

Ashe a makon ne dangin yarinyar da yake nema za su yi bincike a kansa, yadda ake yi a Zango kafin a ba mutum mata. Wa suka turo? Kawunta, tsohon hedimasta! Ya shigo gaida kakarmu, ya tsaya, ya gyara tabarau, ya karanta: an kama yayana da satar injin motar haya trotro, an hana shi beli, ɗaurin shekara bakwai. Ko ruwa bai sha ba ya fita.

Washegari saƙo ya zo, a dakata da maganar aure. Yaya ya shigo kamar zai cinye ni. "Ke! Ni kika ɗaure? Ni da ko ƙofar caji ofis ban sani ba!"

Na zari mayafi sai unguwar Ayigya, gidan hedimasta. Na durƙusa na ce, "Baba, don Allah zo ka karanta sauran bangon."

Ya zo. Bayan durom ɗin ruwa, na rubuta kakarmu mai sanda ce shugabar 'yan fashi. Kusa da murhu, akuyarmu ta ɗaukaka ƙara. Ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

Da ya fassara wa Kaka, ta ce, "To ni shekara nawa aka ba ni?"

"Hajiya, ke an sallame ki, babu shaida."

"Alhamdu lillahi, yarinyar akwai tarbiyya!"

Hedimasta ya karɓi allin ya gyara min kuskure biyu. Bayan Sallah aka ɗaura aure.

Tun ranar na gane mutuncin mutum ba abin gwada alli ba ne, don rubutu ba ya bin mai karatu ya ce masa wasa nake. Har yau ina rubutu a bangon, amma duk wani laifi akuya ce ke aikatawa.