Harafi Mai Lanƙwasa da Muryar Baba

Kaset goma sha ɗaya mahaifinmu ya bari. Bai iya boko ba, don haka idan zai yi wa ƙanensa da ke zaune a Makka wasiƙa, sai ya ajiye rikoda a gabansa ya yi ta magana: gaisuwa, labarin damina, wanda ya haihu, wanda ya rasu, dawar da tsuntsu ya ci a gonar Fagam. Bayan rasuwarsa ƙanen nasa ya dawo mana da su a cikin leda. Ni ne babba a gidanmu, kuma gyaran kwamfuta nake yi a wani ɗan shago a Birnin Kudu, shi ya sa aka miƙo mini su ba tare da an yi shawara da kowa ba.

Na juye su kaf cikin kwamfuta. Sannan ɗabi'ata ta son a ce na iya ta motsa. Na haɗa wata tsohuwar saba, wato kwamfutar ajiya da ba a kashewa, na ɗora ta a kan babur na haya, na kai gidanmu na Basirka, inda muka sa wa Inna sola. Na jona mata 'yar lasifika, na saita ta yadda kullum bayan la'asar muryar Baba za ta tashi da kanta. Kaset ɗin kuwa ruwa ya ci su a daminar da ta biyo, rufin ɗakin da na ajiye su ya yi yoyo ban sani ba. Kwafin da ke kwamfutata ta hannu kuma da kaina na goge shi wata rana da wuri ya yi mini kaɗan. Na ce ai akwai a gida.

Abin da na fi taƙama da shi a sabar nan shi ne babban allon cikinta, wanda muke ce wa mazabod. Yana da wata kafar waya ta daban, da wata 'yar ƙwaƙwalwa da ba ta barci ko da an kashe injin. Ta nan nake iya leƙa fuskar sabar daga shagona, in kunna, in kashe, in yi rubutu kamar ina zaune a gabanta. Ni taga nake ce mata. Kwana biyu na yi a Basirka ina fama kafin tagar ta buɗu, don da farko a kafar da ba ita ba na soka wayar, daga baya kuma sabis ɗin garin ya yi ta yi mini wasa da hankali. Da komai ya daidaita sai na ƙara da kulle faifan ajiyar da kalmar sirri, wai ko ɓarawo ya ɗauke ba zai ji sirrin gidanmu ba. Na zaɓi maganar da Baba ke yi mini ina yaro, idan ina jan jiki a bayansa a hanyar gona. Ina bugawa ina faɗinta a fili don jin daɗi. Inna na zaune a bakin ƙofa tana ɓarar gyaɗa tana yi mini hira, ni kuma ina amsa mata da to, to, irin amsar da nake yi mata idan hankalina na kan inji.

Abu ɗaya ne ban yi ba. Ban kashe sabar na sake kunnawa don in gwada mukullin ba. Bas ɗin ƙarshe na shirin tashi, na ce wata rana.

Wata bakwai sabar ba ta ɗauke ko sau ɗaya ba. Sai ga tsakiyar damina, aka yi kwana uku hadari bai bar rana ta leƙo ba, baturan sola suka zube. Ranar Talata da hantsi Inna ta kira ni. Bayan mun gaisa ta ce, "Ɗan nan, Malam fa ya yi shiru."

Ba ta faɗin sunana saboda ni ne ɗan fari, ba ta kuma taɓa faɗin na mijinta ba. Na san injin take nufi, amma duk da haka sai da na ajiye abin da ke hannuna. Da waɗannan kalmomin ta sanar da ni ranar da ya cika.

Na yi dariyar ƙarfin hali na ce, "Wuta ce kawai, Inna. Rana ta fito a wajenku?"

"Ta fito. 'Yar fitilar nan mai kore ma tana ƙiftawa."

"To kafin la'asar za ki ji shi."

Na buɗe taga, na danna kunnawa, na ga sabar ta farka daga nesa. Har na fara murmushi. Sai baƙin allo ya tsaya yana neman kalmar sirri. Na buga: ɗaga ƙafa ɗan nan. Ya ce ba ita ba ce. Na sake bugawa a hankali, harafi bayan harafi. Ya ƙi. Wurin ba ya nuna abin da mutum ke rubutawa, saboda haka na fita na gwada kibod ɗina, wato madannan haruffa, a wani fili da ake gani ta cikin tagar. Na danna ɗ, ba abin da ya fito. Na danna ƙ, shiru. Na jawo ɗan kibod ɗin da ke jikin tagar kanta, na ƙirga haruffansa, ashirin da shida ne cif, babu mai lanƙwasa ko ɗaya.

Nan take na gane abin da na aikata. Ranar da na sa kalmar, sabar na kunne, kuma daga kwamfutata ta hannu mai kibod ɗin Hausa na aika ta. Amma a wannan matakin na farkawa injin bai san akwai wani harshe a duniya ba sai Turanci. Duk mutanen da na sani daga da kafa suke rubutawa a waya ba lanƙwasa, ni ne mai yi musu gorin ba su iya Hausa ba. Ga shi iyawar tawa ta kulle bakin mahaifina.

Wani mutum ya shigo da firinta, na ce masa ya dawo jibi, ban ko ɗago na dube shi ba. Na gwada kalmar ba lanƙwasa, na gwada da ɗigon sama, duk a banza. La'asar ta yi, ta wuce. Inna ba ta kira ba, kuma rashin kiran ya fi tayar mini da hankali.

Hanya ɗaya ta rage. Tagar na iya karɓar wani ƙaramin tsarin gaggawa daga wajena, ta tayar da sabar da shi, sannan in shiga da kibod ɗina na Hausa in buɗe faifan. Da filas, 'yar ma'ajiyar nan da ake sokawa a kwamfuta, a gaban injin, aikin minti ashirin ne. Na gaya wa Inna ruwa ya ɓata hanyar Gwaram, kuma ba ƙarya na yi ba, ya ɓata ta, sai dai masu babur na wucewa. Tsoro ne ya hana ni zuwa. Ban iya tunanin in zauna a ɗakin nan, tana bakin ƙofa tana kallona, in buga kalmar ta ƙi ba.

Kwana biyu ina tura tsarin ta sabis ɗin da ba shi da ƙarfin ɗaukar hoto ɗaya. Ya kai rabi ya yanke, ya kusa ƙarshe ya yanke. Abinci ya daina shiga. Ina salla ina ƙoƙarin tuno muryar Baba, sai na tarar kalmominsa kawai nake tunawa, sautin ya tsere mini. Wannan ya firgita ni fiye da komai. Shekara guda ke nan na daina sauraronsa da kunnen mai riƙewa, saboda na san yana ajiye.

Ranar Alhamis bayan azahar tsarin ya shige. Sabar ta tashi da shi, na shiga ta hanyar da ke karɓar haruffana. Na gwada ɗ, ya fito. Na gwada ƙ, ya fito. Na yi bisimilla na buga kalmar da lanƙwasarta cikakkiya.

Ya ce ba ita ba ce.

Ban san tsawon lokacin da na yi ina kallon layin nan ba. Na sa babban baƙi a farko, na sa waƙafi, na cire tazara, na mayar. Da dabara ta ƙare mini, na ɗauki waya.

"Inna, na yi ɓarna," na ce. Na gaya mata komai, har kwafin da na goge, har zancen hanya.

Ina jin kaji a tsakar gida. Can ta ce, "Abin da ke cikin kaset ɗin nan duk na haddace shi, har inda yake tari. Muryar ce ba zan iya yi ba." Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Sai ta tambaya, "Wace magana ce ka kulle shi da ita?"

"Wadda yake yi mini a hanyar gona. Ɗaga ƙafa, ɗan nan."

"Ai ran nan ma haka ka faɗa, na gyara maka. Ka ce to, ka goge ka sake. Ɗan nan ni ce mai ce maka. Shi yaushe ya taɓa? Sunan mahaifinsa gare ka." Sai ta sauke murya, ta ja kalmar yadda yake janta. "Ɗaga ƙafa, babana."

Na manne wayar da kafaɗa na buga. Allon ya yi jim, daƙiƙa biyu ko uku. Bai ce komai ba, ya sauko layi na gaba kawai, wanda a wajen injin nan shi ne amincewa. Na leƙa ciki, ga su nan goma sha ɗaya a jere.

Ban yarda na yi murna ba tukuna. Na ƙara wani mukullin na biyu da haruffan da kowane kibod ya sani, na kashe sabar, na kunna ta ta taga, na buga, ta buɗe. Na sake kashewa na sake kunnawa. Duk wannan Inna na kan layi, ba ta tambaye ni komai ba. Washegari da sassafe na hau babur da filas uku a aljihu, amma a ranar abin da na iya kawai shi ne in danna kaset na farko, ko da yake la'asar ba ta yi ba.

Ta cikin wayar na ji lasifikar ta yi ƙara, na ji shuuu ɗin tsohon kaset, na ji Baba ya gyara murya ya yi sallama. Ban taɓa zama a gidan da la'asar ba tun da na kai injin, saboda haka ban san abin da take yi kullum ba. Ta manta ina ji. A hankali, kamar yanzu ya shigo daga gona, ta ce, "Wa alaikumus salam, Malam. Sannu da zuwa."