Inda Yaya Ke Jan Numfashi

Tun tana 'yar firamare aka sa mata suna Janareta, sunan kuma ya bi ta har shagon wanki da guga inda take aiki. Murya ce da ita mai kauri. In ta yi sallama a ƙofa, sai matar gida ta ce a duba wane mutum ne ya zo. A makaranta malamar waƙa ta ajiye ta a layin baya, ta ce ta riƙa motsa baki kawai. Baiwar Allah ga biyayya, haka ta yi ta motsa bakin har ta gama, ta yi aure, ta haihu, ba mai jin waƙarta sai tulin kayan guga.

Yayarta ce mawaƙiyar gidan. Ita ke riƙe da muryar ƙasa, wato mafi kauri cikin muryoyi, a ƙungiyar mawaƙan unguwa, masu atisaye a wani ajin makaranta bayan an tashi. Muryar ƙasa ba a cika lura da ita ba, sai ranar da babu ita a ji waƙa ta yi salam. Da ciwon ƙirji ya kama Yaya, likita ya hana ta waƙa, sai ta aika a kira ƙanwarta.

"Ke za ki tsaya a wurina."

"Ni, Yaya? Da wannan muryar?"

"Da ita mana. Ai ta gaji da yi wa zannuwan mutane waƙa."

Ta miƙa mata 'yar na'urar koyon waƙa. Ba ta fi sabulun wanka girma ba, da wayar da ake sawa a kunne, da maɓallin maimaita layi da na rage sauri. Kowa a ƙungiyar yana da irinta, Malam mai koyar da su ne ke sa wa kowa ɓangarensa. Amma wannan Yaya ce ta rera a ciki da bakinta, tana zaune a gefen gado, don ta ce ba wanda zai koya wa ƙanwarta sai ita.

Janareta ta jefa na'urar a aljihun rigar aiki, ta duƙufa. Tana guga tana bin Yaya layi-layi, inda ta hau ta hau, inda ta sauka ta sauka. Mai shago ya yi mita har ya haƙura.

A babbar waƙar da suke shirya wa taro akwai wani dogon layi kusa da ƙarshe, inda kowa ke yin shiru a bar muryar ƙasa ita kaɗai. Ranar da Janareta ta fara rera shi a gaban jama'a, tana kaiwa tsakiya ta tsaya, ta ja numfashi mai ƙarfi, ta ci gaba. Malam ya ɗaga hannu.

"Wa ya ce ki yanke a nan?"

"Haka waƙar take, Malam."

"Ni na rubuta ta, 'yar'uwa. Numfashi ɗaya ne har ƙarshe."

Aka sake, ta sake yankewa a daidai wurin. Malam ba mugu ba ne, amma ba ya rufa-rufa. Ya ce in ta yanke a atisayen ƙarshe, mai fiyano zai cike layin, ita kuma ta koma baya ta riƙa bin sauran a hankali. Ta san layin bayan nan sarai, ba ta kuma da niyyar komawa.

Ta wuce gidan Yaya a fusace, ta sa mata wayar a kunne don ta ba ta gaskiya. Yaya ta saurara har inda muryarta ta yanke a tsakiyar layin.

"Kai, Janareta, Allah ya shirye ki. Wannan ai ba waƙa ba ce, ƙirjina ne. Da can sai in kai ƙarshe da sauran iska."

Kunya da baƙin ciki suka rufe ta lokaci guda. Ashe duk kwanakin nan ciwon yayarta take haddacewa, har tana musu a kansa. Yaya ta ce a kai wa Malam ya goge, ya sa nasa. Janareta ta mai da na'urar aljihu, ta ce ba mai goge komai.

Ta samo dabararta a kan teburin aiki. Sai ta shimfiɗa zanin gado, ta ɗora dutsen guga a wannan bakin, ta fara layin, ba za ta ja iska ba sai dutsen ya kai wancan bakin. Wuyar ba a huhu take ba, a kunne take: da Yaya ta tsaya, sai maƙogwaronta ya tsaya shi ma. Ta danna maimaitawa, ta sake. Jiri ya ɗebe ta ba sau ɗaya ba. Wata rana har ta ƙona zani, mai shago ya ce in waƙa ce haka, shi ya yafe. A hankali ta koyi jin Yaya ta yi shiru, ita kuma ta wuce.

Ranar atisayen ƙarshe Yaya ta matsa sai da aka kawo ta, aka ba ta kujera a bakin ƙofa inda iska ke shigowa. Aka zo dogon layin, muryoyin sama suka ɗauke, Janareta ta kama. Ajin ya yi tsit, har kowa ya ji lokacin da Yaya, wadda ke bin waƙar a ranta, ta ja numfashin nan mai ƙara a daidai tsakiya. Janareta ma ta ji. Muryarta ta yi rawa kaɗan, ta dake, ta ja layin har ƙarshensa.

Malam ya kalli mai fiyano ya girgiza masa kai, ya ce a ɗauko waƙa ta gaba.

Da aka tashi, Yaya tana share ido da gefen mayafi ta ce, "Kin ji ni ko? Saura kaɗan in sake ɓata miki."

Janareta ta kama hannunta ta tashe ta tsaye.

"Ki ja numfashinki duk inda kike so, Yaya. Ni na riƙe."