Sarkin Bakan Waya a Gonar Likita

Ana idar da sallar asuba muka kama hanya daga Gorton, ranar Asabar ɗin da ta wuce, ni da maƙwabcina mai tuƙa tasi, a cikin motarsa. Manchester ba ta farka ba tukuna, sai yayyafin nan nata da ba ya gajiya. Birmingham muka nufa, kuma ni ne dalilin tafiyar. Ku da muke zauren hira ɗaya a waya kun ga farkon maganar, amma bari in maimaita saboda wanda bai gani ba.

Wata biyu da suka wuce wani ɗan garinmu da ke noma a Amurka ya turo bidiyon wata dabba da suke kira amadilo. Kamar an ɗauki gafiya an ɗinka mata sulke, tana ta tona gona da hanci da farce. Ya ce ta hana shi sakat, zai sayi ƙaramar bindiga tunda dokar can ta ba shi dama, amma bai san wadda ta dace ba, mai ƙaramin harsashi ko mai babba. Sai ni na yi caraf. Na rubuta masa cewa dabba mai sulke sai babban harsashi, wanda zai fasa ya wuce. Na ƙara da cewa ni jikan maharbi ne. Wannan kam gaskiya ne. Abin da ban faɗa ba shi ne ina da shekara huɗu aka kai ni birni, a shagon ɗinki na tashi, kuma iyakar harbina ƙadangaru da danƙo. Daga ranar kuka sa mini suna Sarkin Baka, ni kuwa na karɓa hannu bibbiyu.

Sai ga wayar wani likita, ɗan zauren namu, da ke aiki a Birmingham. Ya ce ya karɓi hayar wani ɗan fili a gonar wani Bature a bayan gari, ya shuka masara da alayyafo da kabewa, amma wani abu yana yi masa ɓarna, kuma ya ga wani ƙaton rami a bakin shinge. Ban ga ramin ba, ban tambayi komai ba. Na ce masa gafiyar Turai ce, ya tanadi busasshiyar ciyawa da barkono, zan zo mu yi mata hayaki kamar yadda ake yi a gida, in ta fito kuma a san irin bindigar da za a nema mata. Ya yi ta godiya. Mutumin da mutane ke bin layi don su ji ta bakinsa, shi ne yake ce mini, "Allah ya ƙara girma, Sarkin Baka." Daɗin wannan ne ya fitar da ni daga gida.

Muka hau babbar hanyar da suke kira M6 gari yana wayewa. Shekara shida ina ƙasar nan, daga ɗaki sai sito inda nake gadi, sai masallaci, ban taɓa sanin haka bayan gari yake ba. Kore shar har iya ganinka, an yanka shi gida-gida da shingen itatuwa masu rai, kowanne an aske shi daidai kamar kan ango. Tumaki ne birjik, farare fat, ba makiyayi, ba kare, ba mai sanda. Na yi ta leƙe ko zan ga mai su, ban ga kowa ba. Maƙwabcina ya ce in daina wahalar da wuyana, a nan tunkiya ita ke kiwon kanta.

Mun tsaya a wani wurin hutawa bayan mun wuce Stoke. Kofin shayi fam uku da 'yan kai, ruwan zafi ne kawai da ganye a ƙulle. Maƙwabcina ya duba farashin, ya dube ni, muka koma mota muka buɗe filas ɗin da uwargidansa ta cika mana, da biredi da ƙwai. A nan ya tambaye ni ko na taɓa harbin kura. Na ce ba sau ɗaya ba. Allah ya yafe mini, har girman kurar na nuna masa da hannu.

Shiga Birmingham ta wajen Aston akwai wata mahaɗar hanyoyi da su kansu Turawan suke kamanta ta da taliya. Gada a kan gada a kan wata gadar, mota ta samanka, mota ta ƙasanka, jirgin ƙasa a can ƙasa, ruwa kuma a ƙarƙashinsa. Na riƙe kujera ina salati. Duk wanda ya zauna ya zana wannan abin a takarda kafin a gina shi, ya san aikinsa. Ban kawo komai a raina ba a lokacin, amma daga baya na tuna wannan tunanin.

A Small Heath muka haɗu da Likita. Unguwa ce da za ka rantse an ɗauko wani yanki na Fagge an dasa a Turai. Gidaje a manne da juna kamar haƙora, masallaci a wannan kwana, wani a waccan, mahauta na halal, shagunan jallabiya, ƙamshin turaren wuta yana fitowa har titi. Ya kai mu wani shagon 'yan Somaliya, muka sha shayi mai citta da kanumfari a kan fam ɗaya, da sambusa mai zafi. Na ce wa maƙwabcina ga inda shayi yake, can na hanya fashi ne. Likita ya fito cikin takalmin roba da tsohon wando, ba za ka ce shi ne ba. Ya buɗe but ɗin motarsa ya nuna mini buhun busasshen barkono, cike da murna.

Tafiyar kusan minti arba'in ce daga nan zuwa gonar, ta wasu 'yan siraran hanyoyi da mota biyu ba ta iya wucewa sai ɗaya ta rakuɓe. Duk wanda ka kauce wa sai ya ɗaga maka hannu. Filin Likita bai fi rabin filin ƙwallo ba, amma da na ga alayyafo da yakuwa a cikin rumfar leda, da masara ta yi goyo, a tsakiyar ƙasar Turawa, sai da idona ya kawo ruwa. Ya ce shekara uku yana neman wanda zai ba shi wuri kafin wannan dattijon ya yarda. Ya ce duk ranar da ya fito daga asibiti kansa ya yi nauyi, nan yake zuwa ya sa hannu a ƙasa. Sannan ya nuna mini ɓarnar. An karya karan masara an cinye goyon, an yi wa alayyafon waje aski har ƙasa.

Ramin yana gindin shinge, bakinsa ya isa a tura tulu, ga tarin ƙasa a gabansa. Ban taɓa ganin ramin gafiya mai wannan girman ba, zuciyata ma ta faɗa mini haka. Amma mutum biyu suna tsaye suna kallona. Na durƙusa, na shinshina ƙasar kamar na san abin da nake nema, na ce ita ce. Muka cusa ciyawa, na barbaɗa barkono, na karɓi ashana.

Ban kai ga ƙyastawa ba sai ga ƙarar babur mai ƙafa huɗu. Mai gonar ne, tsoho ja wur mai farin gashi, da karensa a zaune a baya. Bai yi ihu ba. Ya sauko, ya dubi ciyawar, ya dubi ashanar da ke hannuna, ya miƙo tafin hannunsa. Na ba shi. Sai ya durƙusa da kansa, da tsufansa, ya dinga zaro ciyawar nan har ya gama.

Turancina na wurin aiki ne, saboda haka Likita ne ya riƙa fassara mini, kuma ina ganin fuskarsa tana sauyawa yana fassarar. Ramin ba na gafiya ba ne. Gidan wata dabba ce mai kama da dagenmu, mai zane fari da baƙi a fuska, kuma dokar ƙasar nan ta hana a kashe ta, ta hana a taɓa ko bakin raminta. Wanda ya yi mata hayaki kotu zai je. Tsohon ya ce da wutar ta kama, a ranar zai karɓe filinsa, kuma ba zai ɓoye wa hukuma ba. Ni da Likita kuwa mun san abin da shari'a take yi wa takardar izinin aikin likita a ƙasar nan.

Daga nan tsohon ya zagaya da mu, kuma a nan na ga abin da ake kira sani. Ya nuna mana wata 'yar hanya a cikin ciyawa da ni ban ma lura da ita ba. Ya ciro gashi ɗaya daga jikin waya ya murza a yatsa, ya ce na dagen ne, shi ke karya masara. Ya nuna kashi ƙanana kamar ƙwayar magani, da yadda aka datse alayyafo a karkace, ya ce wannan kuma zomaye ne. Ɓarayi biyu ne ashe, ni na haɗa su na kira su gafiya. Ya ce ramin nan yana wurin tun zamanin kakansa, ɗakuna ne da hanyoyi a ƙarƙashin inda muke tsaye, dabbobin har shimfiɗa suke fitarwa su sake sabuwa. Na dubi ƙasar da ke ƙarƙashin takalmina. Gari guda na zo in ƙona da ashana ɗaya.

Ya kamata in yi magana a nan, ban yi ba. Likita ne ma ya kare ni, ya ce wa tsohon a ƙasarmu haka ake yi, kuma ni babban maharbi ne. Tsohon ya girmama maganar. Ya kai mu rumbunsa ya buɗe akwatin ƙarfe, ya fito da bindigogin iska guda biyu da yake harbin zomaye da su. Ya ce ƙaramar bindiga irin ta hannu kam, a nan sai dai a fim. Ya zuba mini harsashinsu na dalma iri biyu a tafin hannu, ɗaya kamar ƙwayar dawa, ɗaya ta ɗan fi ta. Ya ce ƙaramar tana tafiya a miƙe, babbar ta fi nauyin bugu amma tana saurin sunkuyawa, wacce na fi so? Na ce babbar, ko tunani ban yi ba.

Ya ce to, amma yana da ƙa'ida, kuma ko ɗansa bai ɗauke wa ba. Ba mai ɗaga bindiga a kan abu mai rai a gonarsa sai ya sa dalma biyar a cikin da'ira ɗaya. Ya ɗora kwabo a kan farar takarda ya zagaye shi da biro, ya yi taku talatin, ya manna ta a jikin katako. Ya ce girman harsashi ba ya gyara hannun da bai iya ba, sai dai ya bar dabba da rauni ta je ta mutu a wahale.

Na ɗora bindigar a kafaɗa. Cikin madubin hangen da ke kanta ban ga komai ba sai baƙi, da na samu takardar kuma sai rawa take yi. Na ja kunamar bindigar. Ko katakon ban samu ba. Na ce iska ce. Na sake, na sake. Kare ma ya kwanta. Sai na ji Likita yana ce wa tsohon a hankali, ai manyan bindigogi na saba da su, wannan ta yi mini ƙanƙanta. Mutumin da na kusa raba shi da gonarsa da aikinsa, shi ne yake nema mini mafita. Na sauke bindigar na miƙa wa mai ita.

Na ce, "Likita, yau ce rana ta farko da na taɓa riƙe bindiga."

Ya juyo gare ni. Ya ce, "To kakan naka fa?"

"Shi maharbi ne. Ni tela ne."

Maƙwabcina ya ce, "Kurar fa, Malam?"

Na ce ko a gidan zu ban tsaya kusa da ita ba. Shi ya fashe da dariya har yana dafa katanga. Likita bai yi dariya ba. Ya ce, "Da ka ce ba ka sani ba, ai da na tambayi mai gonar tun farko." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Da aka fassara wa tsohon, sai ya gyaɗa kai kawai, ya ce tela ma yana da amfani a yau. Ya fito da naɗin ragar waya, ya ce maganin zomo shi ne a binne gindinta a ƙasa, dage kuma waya mai ɗan lantarki ke mayar da shi, bindiga ita ce ta ƙarshe. Muka yi sallar azahar a gefen masara, muka kama aiki. Su suna haƙa, ni ina haɗa bakin raga da raga da siririyar waya, ɗinki sosai, ba inda ɗan zomo zai samu kafa. Tsohon ya bi layin da yatsa ya ce bai taɓa ganin mai kyansa ba. Wannan yabon ne kaɗai a tafiyar nan da na ci da gumina. Da za mu tafi Likita ya sa mana kabewa biyu da damin alayyafo a mota. Ya ba ni hannu, amma bai kira ni da kowane suna ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Mun iso Gorton ana kiran magariba, yayyafin yana nan inda muka bar shi. Kafin in cire takalmi na kira ɗan'uwanmu na Amurka, na ce ya zubar da duk abin da na faɗa masa a kan harsashi, ya je ya tambayi manoman da suka tsufa da wannan dabba mai sulke. Ya ce saura kwana biyu ya je sayen babbar. Na gode wa Allah.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. Na ga hanyoyi da gonaki da suka cika ni da mamaki, duk aikin mutanen da suka tsaya a kan abin da suka sani ne. "Ban sani ba" kalma uku ce, na kasa faɗinta, har na kusa jawo wa mutumin kirki asarar da ba zan iya mayar masa ba. Ina roƙon Likita gafara a gabanku, kuma ina roƙon ku ajiye sunan nan, na kakana ne, ba nawa ba. Takardar harbin kuwa na roƙi tsohon ya ba ni. Tana manne a jikin firij ɗina yanzu, da da'irarta, fara tas, ba huda ko ɗaya.