Malam Ukasha da Darbejiyar Kamfani

Kafin rana ta leƙo ta bayan dajin Falgore, Malam Ukasha ya riga ya dawo daga masallaci, ya ɗauki bokiti da tsumma ya nufi rijiyar burtsatse. Aikinsa ke nan tun ranar da wani kamfanin makamashi ya kafa wa ƙauyensu farantan sola masu jawo ruwa zuwa tanki. Ya goge farantan tas, ya buɗe famfo, sannan ya tsaya raba gardama tsakanin mata masu jarkoki da makiyaya masu shanu. Shekara goma sha wani abu ba a taɓa zuwa an tarar da ƙofar shingen rijiyar a rufe ba. Ko ranar ɗaurin auren 'yarsa, sai da ya goge faranti kafin ya sa babbar riga.

Watan jiya ya ajiye aiki, gwiwa ta ƙi. Ya tafi da wata tambaya da har yau ba wanda ya amsa masa.

Ranar buɗe rijiyar, manyan kamfani sun zo da korayen huluna da dashen darbejiya. Suka yi dogon jawabi a kan sauyin yanayi, wai hayaƙi ne ke ɗumama duniya, itace kuma ke shanye shi. Ukasha bai gane yadda itace ke shan hayaƙi ba, amma bai yi musu da masu ilimi ba. Da hannunsu suka dasa, dab da farantan, don hoto ya yi kyau. Babbansu ya ce, "Baba, mun bar maka amana." Wannan kam ya gane.

An ce haka suka yi a wasu ƙauyukan, kuma can awaki sun gama da dashen tun kafin hoton ya fito. Nan kuwa sun gamu da ɗan amana. Ya kewaye kowane dashe da ƙaya, ya shayar safe da yamma, har ya yi wata guda ba ya ga maciji da maƙwabcinsa a kan wani bunsuru. Inna, Bafulatana mai tallar nono, ta gan shi a ranin da famfo ya lalace yana turo keke da jarkoki daga rafi. Ta ɗauka na gidansa ne, ashe na darbejiya ne.

Itatuwa suka tashi har suka fi gida tsawo. Inna ta dawo da ƙoranta ƙarƙashinsu, 'yan acaɓa suka mai da wurin tasha, Ukasha kuwa ba ya gajiya da kallonsu. Sai ruwa ya fara ja baya. Tanki ya daina cika, kafin la'asar famfo na tari, mata na komawa gida da jarka ba ko ɗigo. Aka fara raɗe-raɗin tsoho ya yi sakaci. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ya koma goge faranti sau biyu a rana, a banza.

Kamfani ya turo injiniya, wata yarinya mai suna Bahijja. Ta duba wayoyi, ta duba famfo, sai ta ɗaga kai sama.

"Baba, wa ya dasa itatuwan nan a nan?"

"Ku ne, 'yata."

Ta ce, "Inuwarsu ce ta rufe farantan. Ko an sassabe, damina ɗaya za su dawo. Na roƙi ofis a matsar da farantan, sun ce ba hali. Sai dai a sare, Baba."

"To hayaƙin fa? Wa zai shanye shi?"

"Ai solar ma hayaƙin take hanawa. In ta tsaya, janareta za a koma."

"Ikon Allah! Ke nan don a gyara duniya na dasa, kuma don a gyara duniya zan sare? Wanne ne aikin, na da ko na yanzu?"

"Wallahi, Baba, ban sani ba. A wurinmu duka biyun nasara ake kiransu."

Kwanaki ya yi yana juya maganar, ta ƙi zama. In ya yi daidai da ya raya su, me ya sa mata ke kwana da ƙishirwa? In kuskure ne, me ya sa aka ce amana? Da ma ya bar wa bunsurun nan, da yau ba a kai nan ba. Inna ce, wadda ta fi kowa morar inuwar, ta yanke masa: "Malam, inuwa da daɗi, amma saniya ba ta shan inuwa."

Kamfani ya ce zai turo masu injin yanka. Ya ce a'a, ba baƙon hannun da zai taɓa su. Ya wasa gatarinsa, da gwiwar nan tasa, kullum ya kayar da ɗaya. Waɗanda suka wuce sun ga yana share ido da hannun riga. Ranar da tanki ya cika har ya tumbatsa, mata suka rangaɗa guɗa, shi kuwa yana zaune a kan kututture, ya rasa murna zai yi ko makoki.

Kai ne, Ukasha, ka riƙe abin da masu shi ma suka manta sun ba ka. Kai ne ka raya, kai ne ka sare, kuma a duka biyun ba kanka ka duba ba. Na-kowa, mai shayar da gari! Mun gode, Allah Ya saka maka da inuwar da ba a sarewa.

Ga sauranmu, ni ma ban san yadda zan tsara darasin ba. Wanda aka ba riƙo, ya riƙe kamar Ukasha. Mai bayarwa kuwa, don Allah ya ɗaga kai ya dubi inda rana ke bi kafin ya haƙa rami, don akwai mutanen da in ka faɗa musu magana, ɗauka suke da gaske.

Ruwa na zuba yanzu har magariba. Malam Ukasha yana shan sa kamar kowa, jikoki ke ɗebo masa. Amma in zai je masallaci, ta bayan gari yake zagayawa da sandarsa, hanya mai nisa ga mai ciwon gwiwa, don kada ya bi ta gaban kututturan.